Yini Guda Cikin Jirgin Yaƙin da Ya Yi wa Tarabulus Ruwan Wuta

Taron da ya kai ni birnin Boston na Amurka ya ƙare ranar Juma'a da yamma, jirgin komawata gida kuwa sai daren Lahadi, don haka na wayi gari ranar Asabar ba ni da wata hidima. Ɗan ƙanwata da ke karatu a birnin ya zo ya same ni a masauki, ya ce, "Kawu, tunda kai ma'abocin tarihi ne, zo in kai ka ka ga jirgin ruwan da ya girmi Daular Sakkwato." Na ɗauka zolaya ce irin ta ɗa da kawunsa, amma da na yi lissafi sai na ga gaskiyarsa, domin an saki jirgin da yake nufi a ruwa ranar 21 ga Oktoba, 1797, fiye da shekara shida ke nan kafin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya yi hijira zuwa Gudu.

Muka hau ƙaramin jirgin fito daga mashigar Long Wharf, tafiyar da ba ta wuce minti goma ba zuwa tsohuwar ma'aikatar jiragen yaƙi ta Charlestown, wadda aka kafa a 1800 aka kuma rufe a 1974. Watan Oktoba ne, iskar teku tana ratsa rigar sanyin da na aro kamar ban sa komai ba. Tun daga nesa abin da ido ke fara kamawa shi ne ginshiƙai uku na itace da suka miƙe sama, mafi tsawonsu ya kai kimanin mita 67, da igiyoyi birjik sun sarƙe a tsakaninsu kamar saƙar gizo-gizo. Sai da muka matso sannan gangar jikin ta bayyana: baƙa wuluk, da farin zane guda da ya ratsa ta daga goshi zuwa ƙeya, a cikin zanen kuma tagogi a jere, kowace taga da bakin igwa yana leƙowa. Sunansa Constitution, wato kundin tsarin mulki.

Ba a biyan ko kwabo kafin a shiga, amma sai da na nuna fasfo na kuma bi ta na'urar bincike, saboda har yau jirgin yana cikin rajistar rundunar sojan ruwan Amurka, yana da kwamandansa, kuma matasan da ke zagayawa da baƙi sojoji ne masu karɓar albashi. Shi ne jirgin yaƙi mafi tsufa a duniya da ke cikin aiki kuma yake bisa ruwa. Na Ingila mai suna Victory ya girme shi, sai dai shi tun 1922 yake zaune a busasshen rami a Portsmouth.

Wadda ta jagorance mu wata matashiyar soja ce sanye da tufafi irin na ma'aikatan jirgi na shekarun 1810, kuma daga jimlarta ta farko na fahimci cewa labarin wannan jirgi da Afirka ya soma. Bayan Amurka ta sami 'yancin kai ta sayar da jiragen yaƙinta, ta kuma rasa inuwar rundunar Ingila da a da take kare fatakenta a teku. A 1793 kaɗai jiragen Aljaza'ir suka kama jiragen kasuwancin Amurka goma sha ɗaya, suka tsare mutanen ciki suna jiran fansa. Wannan ne ya sa majalisa ta zartar da dokar gina jiragen yaƙi shida a watan Maris na 1794, shugaba George Washington ya sa mata hannu. Irin waɗannan jirage ana kiransu firigit: ba su kai manyan jiragen da ke jeruwa sahu-sahu a fagen daga girma ba, aikinsu sintiri ne da rakiyar fatake da farautar jiragen abokan gaba. Wanda ya zana su, Joshua Humphreys, ya san ƙasarsa ba ta da kuɗin da za ta yi gasar yawa da Ingila ko Faransa, sai ya yi dabarar ƙera firigit da ya fi kowane firigit ƙarfi, kuma ya fi duk jirgin da ya fi shi ƙarfi gudu, ta yadda wanda zai iya kama shi ba zai iya kayar da shi ba, wanda zai iya kayar da shi kuma ba zai iya kama shi ba.

Na tsaya na daɗe ina shafa katakon gefen jirgin. Kaurinsa ya haura rabin mita, hawa uku ne: farin itacen ok a waje, wani a ciki, a tsakiya kuma haƙarƙari na wani nau'in ok da ba ya kaɗe ganye, wanda ke fitowa a gaɓar kudu maso gabashin Amurka. Duk wanda ya taɓa ganin yadda gatari ke tsalle a jikin ƙirya zai gane irin itacen da ake nufi. Daga tsibirin St. Simons na jihar Jojiya aka saro shi, cikin fadama da sauro da zazzaɓi, kuma da masassaƙan da aka turo daga arewa suka kwanta ciwo, wasu suka gudu, bayi baƙar fata da aka yi haya daga hannun iyayen gijinsu su ne suka ɗauki nauyin aikin. Kuɗin hayar aljihun masu su ya shiga. Wato jirgin da aka gina don kada a bautar da Amurkawa a gaɓar Afirka, da gumin 'yan Afirka da aka bautar a Amurka aka haɗa ƙashin bayansa. Ban faɗa wa kowa wannan tunani ba, amma da shi na sauka matakalar zuwa hawa na biyu.

Hawan igwa ke nan. Rufinsa gajere ne, dogon mutum sai ya riƙa sunkuyawa a ƙarƙashin kowace gungumen azara, ga igwa jere dama da hagu, kowace a kan keken katako an ɗaure ta da igiya mai kaurin damtse. A takarda jirgin mai igwa 44 ne, amma a lokacin yaƙi yakan ɗauki fiye da 50: dogaye talatin a wannan hawa, masu harba dunƙulen ƙarfe mai nauyin kusan kilo 11, da gajeru masu faɗin baki a saman jirgi don faɗan kusa da kusa. Waɗanda ke wurin yanzu kwaikwayo ne da aka zuba lokacin gyaran da aka soma a 1927, amma girmansu da nauyinsu sun isa su nuna wa mutum aikin da ke ciki. Kowace igwa ta haura tan biyu, kuma bayan kowane harbi sai an goge cikinta da jiƙaƙƙen soso don kashe tartsatsi, a ɗura albarushi, a tura dunƙule, sannan ƙarti su ja ta da igiya su mayar da bakinta taga. Yara ƙanana ne ke gudu suna kawo albarushi daga rumbun da ke can ƙasa. Kafin a fara faɗa akan watsa rairayi a daɓen don kada ƙafa ta zame a jini.

A nan jagorarmu ta ambaci Tarabulus, ni kuwa sai na ji kamar an kira sunan wani ɗan uwa a bainar baƙi. Ga Ba'amurke, Tarabulus wani gari ne na 'yan fashin teku da aka je aka hora. Ga wanda ya tashi a cikin birnin Kano, ya san Dandalin Turawa, ya san cewa Turawan da ake nufi a sunan Larabawan Gadamas da Tarabulus ne, wannan gari shi ne ƙarshen hanyar ayari, inda jar fatar akuya da turkuɗi da gashin jimina da hauren giwa, da bayi ma, suke isa bakin teku bayan watanni a cikin Sahara. Sarkin garin a lokacin shi ne Yusuf Basha Ƙaramanli, wanda a suna yake ƙarƙashin Sarkin Santambul amma a aikace yake cin gashin kansa. A wurinsa kuɗin da ƙasashen Turai ke biya don jiragensu su wuce lafiya haraji ne na al'ada, kuma yana ganin Amurka ta raina shi tunda abin da ta ba Aljaza'ir ya ninka nasa. A watan Mayu na 1801 ya sa aka sare sandar tutar ofishin jakadancin Amurka, wanda a ƙa'idar wurin shelar yaƙi ce.

Constitution ya isa Bahar Rum a 1803 a matsayin jirgin shugaban runduna, Edward Preble, mutum mai zafin rai da tsananin horo. Bai daɗe da isa ba labari mara daɗi ya riske shi: ranar 31 ga Oktoba wani firigit ɗin Amurka mai suna Philadelphia ya bi wani jirgin Tarabulus har ya hau kan dutsen da ke ɓoye a ruwa, aka kama shi da mutanensa kimanin 300, sannan mutanen Basha suka tayar da shi suka shigar da shi mashigarsu. A daren 16 ga Fabrairu, 1804, wani matashin hafsa, Stephen Decatur, ya shiga mashigar da wani ƙaramin jirgi da suka ƙwace, suka yi shigar fataken Malta, suka hau Philadelphia suka banka masa wuta suka fice. A cikin wannan watan na Fabrairu ne Shehu ya bar Degel. Tsakanin 3 ga Agusta da farkon Satumba, wato 'yan makonni bayan yaƙin Tabkin Kwatto, Preble ya kai wa garin hari sau biyar, da ƙananan jiragen igwa da ya aro daga Sarkin Naples, shi kuma Constitution yana matsowa kusa da ganuwa yana sakar wa fadar Basha da sansanonin igwa wuta. Na tsuguna na leƙa ta tagar wata igwa, abin da na gani dogayen gine-ginen Boston ne, amma zuciyata tana kan fataken da ke zaune a masaukansu a bayan waccan ganuwa, suna lissafin kayan da za su koma da su kudu, ƙarfe yana faɗowa daga sama.

Ruwan wutar bai sa Basha ya miƙa wuya ba. A daren 4 ga Satumba Amurkawa suka cika wancan ƙaramin jirgi da albarushi suka tura shi cikin mashigar, ya tarwatse kafin ya kai inda aka nufa, mutum goma sha uku da ke cikinsa babu wanda ya tsira. Abin da ya karya lagon Yusuf ta ƙasa ya zo, lokacin da wata 'yar runduna da ta taso daga Masar tare da wansa Ahmad, wanda ya ƙwace wa sarauta, ta ci garin Darna a watan Afrilu na 1805. A watan Yuni aka daidaita sharuɗɗan sulhu a ɗakin kyaftin na wannan jirgi, ɗakin da aka nuna mana ta bayan igiyar shinge, kuma duk da haka sai da Amurka ta biya dala 60,000 kafin a sako fursunoninta. Yusuf ya ci gaba da mulki har 1832, kuma da kariyarsa ne Hugh Clapperton, shi ma hafsan sojan ruwa ne amma na Ingila, ya taso daga Tarabulus ya ratsa Borno ya shigo Kano a farkon 1824, ya wuce Sakkwato wurin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello.

Yawancin baƙin da muke tare da su ba don Tarabulus suka zo ba, sun zo ne don yaƙin 1812 da Ingila, kuma nan ne muryar jagorar ta ƙara armashi. A watan Yuli na shekarar jiragen Ingila biyar suka rutsa da Constitution a gaɓar New Jersey, iska kuma ta ɗauke ɗif. Kyaftin Isaac Hull ya sa aka saukar da kwale-kwale suna jan jirgin da igiya, sannan aka koma ɗaukar anga a kai ta can gaba a jefa, mutanen jirgi su naɗe igiyar su ja kansu zuwa gare ta, aka zubar da wani ɓangare na ruwan sha don rage nauyi, aka riƙa jiƙa ƙyallayen iska don su kama ɗan abin da ke kaɗawa. Fiye da kwana biyu ana haka kafin ya kuɓuce. A ganina wannan gudu ya fi duk nasarorin da suka biyo baya nuna gwaninta. Wata guda bayan haka, ranar 19 ga Agusta, ya haɗu da firigit ɗin Ingila Guerriere, cikin kimanin rabin sa'a na faɗan kusa ya karya masa ginshiƙai duka, har washegari sai ƙona shi aka yi don ba ya jawuwa. A wannan faɗa ne aka ce wani ma'aikaci ya ga dunƙulen ƙarfe ya bugi gefen jirgin ya faɗa ruwa, ya yi kururuwa cewa haƙarƙarinsa na ƙarfe ne, daga nan laƙabin Old Ironsides ya bi shi, wato Tsoho Mai Haƙarƙarin Ƙarfe. Ranar 29 ga Disamba ya maimaita wa wani firigit ɗin Ingila mai suna Java a gaɓar Brazil, duk da an harbe sitiyarinsa har sai da aka koma juya shi da igiyoyi daga ƙasa. Ranar 20 ga Fabrairu, 1815, ya kama jirage biyu, Cyane da Levant, a dare ɗaya kusa da tsibirin Madeira, alhali an riga an ƙulla sulhu labari ne bai iso teku ba.

Adalci ya wajabta a faɗi cewa ba tsaransa ya kayar ba. Igwar Guerriere da ta Java dunƙulen kilo 8 suke harbawa, katakonsu bai kai nasa kauri ba, kuma mutanen Guerriere ba su kai 300 ba alhali shi yana ɗauke da fiye da 450. Abin da Humphreys ya zana ke nan tun farko, kuma ya yi aiki, har hukumar sojan ruwan Ingila ta ba da umarni a 1813 cewa kada firigit ɗinta guda ya sake tunkarar irin wannan jirgi shi kaɗai. Nasarorin ba su sauya alƙiblar yaƙin ba, tunda a 1814 sojojin Ingila sun shiga Washington sun ƙona fadar shugaban ƙasa, amma sun ba sabuwar ƙasa abin tinƙaho a lokacin da take shan kashi a tudu.

Hawa na uku shi ne makwanci, kuma nan ne na fi jin jirgin a jikina. Babu gado, sai tamfol da ake ratayawa kamar lilo, kafaɗa na gugar kafaɗa, rabin mutane na barci rabi na aiki. Abincinsu nama mai gishiri daga ganga da busasshen biskit mai taurin dutse, da rabon barasa kullum, horonsu kuma bulala, wadda ba a hana ba sai 1850. A gidan tarihin da ke daura da jirgin na ci karo da labarin David Debias, yaro baƙar fata ɗan Boston, ɗa ne ba bawa ba, wanda ya shiga aikin wannan jirgi a ƙarshen 1814 yana da shekara takwas. Yana cikin waɗanda aka sa a Levant bayan an kama shi, da Ingilishi suka sake ƙwace jirgin a tsibiran Cape Verde sai ya zama fursuna a Barbados, ya dawo gida, ya sake shiga aikin jirgin yana saurayi. A 1838 aka kama shi a jihar Mississippi da zargin cewa gudajjen bawa ne. Wani lauya ya rubuta wa ministan sojan ruwa yana roƙon takardun da za su tabbatar da cewa ya yi wa ƙasa aiki, kuma daga wannan wasiƙa sawunsa ya ɓace.

Sauran shekarun aikinsa jagorar ta bi su da sauri, ni ma haka zan yi. Tsakanin 1844 da 1846 ya zagaya duniya, tafiyar fiye da mil 52,000, ya yada zango a Madagaska da Zanzibar da Singafo da Honolulu. A 1849 Fafaroma Pius na Tara ya hau shi a Gaeta ta Italiya. Wanda ya tsayar da ni shi ne aikinsa na ƙarshe a fagen daga: daga 1853 zuwa 1855 ya jagoranci rundunar da Amurka ta ajiye a gaɓar yammacin Afirka don tare jiragen fataucin bayi, bisa yarjejeniyar da ta ƙulla da Ingila a 1842. Ranar 3 ga Nuwamba, 1853, kudu da bakin kogin Kongo, ya kama wani jirgin Amurka mai suna H. N. Gambrill. Ba a sami bayi a ciki ba tukuna, amma an sami duk shirin ɗaukarsu. Wannan shi ne jirgi na ƙarshe da Constitution ya kama a rayuwarsa, kuma shi kaɗai ya kama a cikin shekara biyu na sintirin, a daidai lokacin da miliyoyin mutane ke cikin bauta a ƙasar da tutarta ke kaɗawa a ƙeyarsa.

Abin da ya kusa hallaka jirgin ba igwa ba ce, ruɓa ce da sakaci. A 1830 aka baza labarin za a farfasa shi, wani matashi mai shekara 21, Oliver Wendell Holmes, ya rubuta waƙa a jarida da ta tayar da hankalin jama'a har aka ware kuɗin gyara. Bayan an sallame shi daga aiki a 1881 aka gina masa rumfar katako a ka kamar sito, ya zama masaukin sabbin sojoji. A 1905 wani minista ya ba da shawarar a ja shi teku a yi gwajin harbi da shi. A shekarun 1920 'yan makaranta suka riƙa tara kwabbai a faɗin ƙasar don a ceto shi. Da na tambayi jagorar ko nawa ne ya rage na katakon asali, ta ce kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari, mafi yawa a ƙashin bayan da ke ƙarƙashin ruwa, kuma akwai daji guda a jihar Indiana da rundunar ta keɓe ana renon itatuwan ok dominsa. Ɗan ƙanwata ya ce, "To Kawu, ashe ba shi ba ne." Na ce masa ganuwar Kano ma ai yaɓe ake sake mata, bambancin kawai su ba su daina yaɓen ba. A watan Yuli na 1997 suka ɗaga masa ƙyallaye shida ya yi tafiya da iska shi kaɗai, karo na farko cikin shekara 116.

Mun fito da la'asar sakaliya, muka zagaya busasshen ramin dutse da aka fara shigar da shi a 1833, muka zauna a bakin ruwa muna jiran jirgin fito, hannuwana cikin aljihu saboda sanyi. Rana tana gab da faɗuwa a bayan birnin sai na ga sojoji sun jeru a saman jirgin wajen tuta. Ɗan ƙanwata bai gargaɗe ni ba, sai kawai na ji ƙarar igwa ta girgiza mashigar, tsuntsayen teku suka watse, hayaƙi ya bi saman ruwa. Yana dariya ya ce haka suke yi kullum, da ƙarfe takwas na safe da kuma faɗuwar rana. Na duba agogo, na ce masa ya nemo mana gabas, magariba ta yi.